Ƙarfen da ke tsawo tare da yaro

A sashen ƙashi da nake aikin jinya a Gombe, duk iyayen da suka kawo yaro bayansa a karkace tambayarsu ɗaya ce: yaushe za a miƙar masa? Likitoci kuwa ƙirjin yaron suke fara dubawa. A bakin aikin nan na gane dalili.

Karkacewar da ta fito kafin yaro ya kai shekara 10 ba ɗaya take da wadda ke kama 'yan mata lokacin balaga ba. Ƙashin baya ya fi saurin tsawo a shekaru 5 na farko, huhu kuma yana ta ƙara 'yan jakunkunan iskarsa har wajen shekara 8. In gadon baya ya murɗe a wannan tsakani, haƙarƙari sai su matse, huhu ya rasa inda zai buɗe. A da, abin da ake yi shi ne a haɗe ƙasusuwan su zama guda. Baya yakan miƙe, amma tsawon ƙirji ya tsaya nan, sai yaro ya girma da huhun da bai ishe shi ba, ɗan hawan tudu ya sa shi haki.

Wannan ne ya sa aka fito da ƙarafan da ba sa hana girma. Kamar yadda tela ke barin ninki a ƙafar wandon yaro don a riƙa warwarewa, haka ake kafa sandunan ƙarfe a sama da ƙasan karkacewar, a bar tsakiya ba a haɗe ba, sannan duk bayan kamar wata 6 a koma tiyata a ƙara musu tsawo. Akwai VEPTR, wanda likita Robert Campbell ya ƙirƙiro aka kuma amince da shi a Amurka a 2004. Shi a haƙarƙari ake maƙala shi don ya buɗa ƙirji. Akwai Shilla, inda ake haɗe tsakiyar gocewar kaɗai, sauran ƙasusuwa su riƙa zamewa a jikin sandar yayin da yaro ke tsawo. A 2014 Amurka ta amince da MAGEC, mai maganaɗisu a ciki: ana ɗora na'ura a bayan yaro, ƙarfen ya ƙara tsawo cikin 'yan mintoci, ba yanka ba allurar barci.

Da na fara karanta labarin mai maganaɗisun, na ji daɗi ƙwarai, don na sha riƙe hannun yaro a ƙofar ɗakin tiyata. Amma shi ma ba ya rasa matsala, har hukumar kula da kayan asibiti ta Birtaniya ta dakatar da sa shi a 2020 saboda lalacewar wasu sassansa. Kowane iri aka sa, sanda tana iya karyewa, ƙusa ta saki, ciwo ya ruɓe, kuma da an yi ta ƙarin, baya yakan sandare har tsawon da ake samu ya ragu. Yawancin yaran ƙarshe sai an yi musu babban aikin haɗe ƙashi idan girma ya kusa tsayawa.

Babban abin da na koya ke nan: ranar da aka sa ƙarfe, ranar aka fara. Uba yakan ce, “Sista, ba za a yi sau ɗaya a huta ba?” Nakan ce, “Baba, wannan aikin shekaru ne.” Mutumin da zai taso daga Dukku ko Nafada, ya biya kuɗin mota zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano, ya bar gona da damina, ya sake komawa bayan wata 6, ya cancanci a gaya masa wannan tun kafin ya sayar da saniyarsa. Ƙarfen da aka sa aka daina ƙara masa tsawo yakan koma ya riƙe yaron da aka sa shi don ya saki. Shi ya sa yanzu, kafin takardar turawa, nake zama da iyaye mu yi lissafin wa zai riƙa rako, da me za a riƙa zuwa.

Ba kowane yaro ne ke buƙatar ƙarfe ba kuma. Likita Min Mehta a Ingila ta nuna cewa jaririn da aka fara naɗa wa filasta mai tauri, irin ta ɗaurin karaya, a gangar jiki kafin ya kai shekara 2, ana canzawa duk bayan wata 2 zuwa 3, bayansa yana iya miƙewa sarai, in dai ba a haife shi da naƙasar ƙashin ba. Matsalarmu a nan ita ce jinkiri. Ana fara kai yaro wajen mai ɗori, alhali ba karaya ba ce, ko a ce zai miƙe da kansa. Sannan dole a tantance da hoto, domin ƙusumbin da tarin fuka ke jawowa, wanda muke yawan gani, maganin tibi yake fara buƙata.

Don haka ranar rigakafi nakan leƙa wajen iyaye mata in ce su duba bayan yaro lokacin wanka: ko kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, ko in ya sunkuya haƙarƙarin gefe ɗaya ya taso. Wadda ta ga haka ta kawo shi a ɗauki hoto a auna kusurwar karkacewar, a sa masa ranar dawowa.