Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Sifaniyanci Ya Shigo Gidanmu

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda ni da Baban yara muka yanke shawarar in riƙa koyar da yaranmu uku a gida, a nan birnin Houston. Na san wani zai ce, to hukuma fa? A jihar Texas ba laifi ba ne. Tun 1994 kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a shari'ar Leeper cewa karatun gida matsayinsa ɗaya da makaranta mai zaman kanta. Abin da doka ke nema a koya wa yaro shi ne karatu, da rubuta kalmomi daidai, da nahawu, da lissafi, da tarbiyyar zama ɗan ƙasa nagari. Harshen waje ba ya cikin jerin, mu muka ɗora wa kanmu.

Dalili kuwa a fili yake. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na mutanen Houston 'yan asalin ƙasashen Latin ne, ita kanta Texas ɗin a ƙarƙashin Meziko take har zuwa 1836. A unguwarmu ta Alief, bakanike da mai gyaran rufi da matar da ke karɓar kuɗi a kanti, da yawansu Sifaniyanci suke yi a tsakaninsu. Baban yara ya ce kakanninmu fatake da suka zauna a Sabon Ibadan sun ji Yarbanci, na zangon Kumasi sun ji Asantanci, don haka bai ga dalilin da 'ya'yansa za su tashi ba sa jin maƙwabtansu ba.

Muka sayi littafi, muka sa manhaja a waya. Watanni suka shuɗe, abu ya ƙi gaba. Yaya Babba takan cike takardun aiki tsaf, amma da an gaishe ta da harshen a waje sai ta sunkuyar da kai. Na tsakiya, namijin, da ya ga na ɗauko littafin sai ciwon ciki ya tashi. Auta kuwa waƙoƙin kawai take bi. Ni ma tare muke koyo, da dare nake karanta darasin da zan ba su da safe.

Wata rana yaron ya ture littafin, ya ce da ni cikin Turanci, shi wannan harshe ba shi da kan gado, ta yaya za a ce riga mace ce, wando namiji? Na dube shi na ce, “Abba, je ka ɗauko mini rigarka da wandonka.” Da ya kawo, na ce ya faɗa mini na wane ne. Ya ce, “Rigata ce, wandona ne.” Na ce to me ya hana ka ce rigana? Ya yi shiru, can sai ya yi dariya. Abin da yake kuka da shi a Sifaniyanci yana bakinsa tun yana ɗan shekara biyu. Su ma la camisa suke cewa, da el pantalón.

Littattafan da ke hannunmu duk an rubuta su ne domin yaron da Turanci kaɗai ya sani, kuma Turanci ba ya raba kaya maza da mata. Daga ranar na daina bayani da Turanci, na koma Hausa. Na nuna musu cewa a harsunan biyu yawancin sunayen da suka ƙare da “a” mata ne, kuma kowanne yana da masu karya doka: mu muna da gida da ruwa da suna, su suna da el día da el mapa. Sai dai na ja musu kunne kada su ɗauka kullum jinsin yana haɗuwa. Rana mace ce a wurinmu, wata namiji. A wurinsu akasin haka ne. Dole kowane suna a haddace shi tare da el ko la ɗinsa.

Furuci ma sai ya zo da sauƙi. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ba sa sauya murya yadda na Turanci ke yi. Na ce su karanta shafin kamar suna karanta boko na Hausa, nan take lafazinsu ya gyaru. Harafin ñ yana nan a tsakiyar “hanya”. Harafin j ya yi kusa da خ da malaminsu na Islamiyya ya riga ya gyara musu a maƙogwaro. Shi h ba a furta shi sam. Wanda ya ba yaron wuya shi ne r mai karkarwa, wanda ke raba perro, wato kare, da pero, wato amma. Da “barka” da “tara” muka yi ta maimaici har harshensa ya saki.

Ser da estar su ne suka fi cin lokacinmu, domin Turanci kalma ɗaya yake da ita a wurin, su kuma biyu. Na ce su tuna bambancin “malami ne” da “yana gida”: na farko ser, na biyu estar. Ba ko'ina wannan ma'auni ke aiki ba, amma ya rage musu rabin ruɗanin.

Duk da haka bakin Yaya Babba bai buɗe ba, kuma a nan ne nake ganin babbar matsalar yaron da ke karatu a gida take. Ɗan makaranta yana jin harshe a filin wasa, yana yin kuskure cikin tsaransa, a yi dariya a wuce. Nata kuskuren kuwa a gaban uwarta kaɗai take yinsa, uwar da ke riƙe da jan biro. Harshe ba ya zama a bakin yaro sai yana da wanda yake buƙatar ya gaya wa wani abu.

Allah ya kawo mana mafita ta hannun maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar El Salvador da ta baro ƙasarta lokacin yaƙin basasar da ya ƙare a 1992. Turancinta kaɗan ne, 'ya'yanta kuma suna wurin aiki har dare. Na kai mata dambun nama, na roƙe ta ta riƙa shigowa da yamma. Na gaya wa yaran da usted za su yi mata magana, ba tú ba. Ba su sha wuya ba, don sun saba ba a ce wa babba “ke”, sai “ku”. Suna kiranta Abuela, wato Kaka.

Doka ɗaya na kafa: idan tana nan, ba littafi, ba gyara. Kuskuren da na ji in riƙe shi a raina sai washegari. Ta koya musu yin pupusa, wainar masara da ake cusa wa wake da cuku. Da yake mutanensu kan sa naman alade, wasu kuma da kitsensa suke girki, Yaya Babba ce ta zauna ta yi mata bayanin abin da muke ci da wanda ba ma ci. Jimlolin a karye suke, amma dattijuwar ta gane, ta kuma kiyaye. Daga baya idan muka je kantin Fiesta, yaron ne ke tambayar mai burodi ko akwai manteca, wato kitsen alade, a ciki, yana yi yana ɗaga kafaɗa.

Wani alheri da ban yi tsammani ba shi ne Hausarsu ta ƙaru. Da can idan Hajiya ta kira daga Zariya, daga “lafiya lau” sai su miƙo mini wayar. Yanzu sai na karɓe da kaina. Ita kuwa Yaya Babba ta fara maganar zama jarrabawar DELE, wato jarrabawar ƙwarewa a Sifaniyanci ta cibiyar Cervantes, wadda ke da rukuni na musamman domin 'yan makaranta.

Ana cikin haka ne wani dare, bayan sallar isha'i, muka ji ana buga mana ƙofa da ƙarfi. Jikar Abuela ce, ƙarama, tana kuka, wai kakarta ta faɗi a kicin kuma ba kowa a gidan. Baban yara yana wurin aiki. Na ja mayafina, Yaya Babba ta riga ni fita.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.