Murfin akwatin Hajiya: sai a karo na uku ya zauna

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da warhaka. A watan jiya na ba ku labarin yadda na rarake cikin akwatin da nake yi wa mahaifiyata don ajiye carbi da kwalaben turarenta. Saura murfi. Na ɗauka aikin yini guda ne, ashe sai da ya ci mini fiye da mako biyu da katako uku.

Ga wanda bai bi mu tun farko ba, injina ƙaramin CNC ne, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, irin wanda ake kira 3018 saboda filin aikinsa santimita 30 ne da 18. Manhajoji huɗu nake aiki da su: GRBL ke tuƙa shi, ina zane a Inkscape, ina fitar da hanyar yanka a Carbide Create, sannan in tura masa umarni ta Candle. Katakon kuwa maɗaci ne, na sayo shi a 'Yan Katako da ke Na'ibawa a nan Kano.

Asabar ta farko

A zane, murfin ba wani abu ba ne. Allo ne mai tsawon milimita 160, faɗin 100, kaurin 12. Ta ƙasansa ake zaftare gefe a kewaye, faɗin milimita 10, zurfin 4, a bar tsakiya ta yi tudu. Tudun nan shi ke faɗawa cikin bakin akwati ya riƙe murfin, babu ƙusa babu ƙarfe. Cikin akwatin 140 ne da 80, sai na zana tudun 140 da 80 cif.

Wajen kafe katakon na bi dabarar tef: a manna tef ɗin takarda a gadon inji, a manna wani a bayan katako, a ɗiga sufa gulu tsakaninsu a danne. Yana riƙewa gam, kuma babu maƙalin da zai tare wa haƙori, wato bakin yankan injin, hanya. Na sa haƙori mai kaurin milimita 3.175, yana cin rabin milimita kowane zagaye, yana tafiyar milimita 300 a minti. Na taɓa gwada zurfin ɗaya da rabi a wancan aikin, injin ya yi ta kakkarwa har ya ɓata lissafin takunsa, wanda da shi yake sanin inda ya kai, don haka yanzu ba na yi wa maɗaci gaggawa.

Da ya gama na ɓamɓaro murfin, na ɗora a kan akwati. Ya ƙi shiga sam.

Na daɗe zaune ina jujjuya shi kafin in gano abu biyu. Na farko kusurwa. Haƙori zagayayye ne, duk yadda ya yi ba zai iya fitar da kusurwar ciki mai kaifi ba, sai ya bar ɗan lanƙwasa daidai rabin kaurinsa, wajen milimita 1.6. Haka kusurwoyin cikin akwatina suke. Amma tudun murfin ta waje aka yanke shi, kusurwoyinsa suka fito da tsini, suna tokarar lanƙwasar nan. Na biyu, da na sa baniya, wato ma'aunin kauri da faɗi, na auna, tudun 140.3 ne, ba 140 ba. Na zargi lissafin taku, na duba $100 da $101, wato saitunan GRBL na yawan takun da injin ke yi a kowace milimita, na ga 800 suke yadda ya kamata, na sa injin ya ja layin milimita 100 na auna, daidai. Ashe sassauci ne: ƙaramin inji idan haƙorinsa ya haɗu da katako mai tauri yakan ɗan kauce baya, ya bar nama fiye da abin da aka umarce shi.

Laraba

Na gyara zanen. Kusurwoyin tudu na ba su lanƙwasar milimita 3, na rage 0.2 a kowane gefe, sannan na ƙara zagaye na ƙarshe wanda ke shafar bango kawai, yana ɗebe abin da bai kai kaurin farce ba. A wannan zagayen babu nauyi a kan haƙori, shi ya sa ba ya kaucewa. Na fara gwadawa a guntun katakon banza tukuna, abin da ya kamata in yi tun ran Asabar. Murfi na biyu ya shiga lafiya lau. A daren nan na yi barci da farin ciki.

Asabar ta biyu

Kwana uku kacal, na ɗauko akwatin daga kan tebur na ga murfin yana rawa. Ya kantare kamar kwale-kwale, har haske na shiga ta ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a awo babu inda na yi kuskure.

Na kai wa wani dattijon kafinta da ke bakin layinmu, wanda tun muna yara muke ganinsa da zarto a hannu. Bai tambayi komai game da kwamfuta ba. Ya ɗaga murfin ya ji nauyinsa, ya shinshina inda aka yanka, ya kara shi a kumatunsa. Ya ce, "Ɗana, wannan katakon bai gama shan iska ba, da sauran ruwa a cikinsa." Na ce, "Baba, ai a waje busasshe yake." Ya ce waje ne kaɗai ya bushe. Na zaftare fuska ɗaya na buɗe ɗanyen ciki, ga hunturu ana tsakiyarsa, iska ba laima ko kaɗan, sai wannan fuskar ta tsotse da sauri ta janyo ɗayar.

Daga nan ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba duk karatun da na yi a intanet. Katako ba ya ƙaruwa ko raguwa ta tsawon jijiyarsa sai ɗan abin da ba a rasa ba, ta faɗi yake motsi. A jikin akwatin jijiya ta bi tsawo, ni kuwa don in tsimi katako na yanko murfin jijiyarsa ta gitta. Ko da bai kantare ba, in damina ta sauka kowanne zai kumbura ta nasa ɓangaren, murfi ya cije. Ya shiga cikin shagonsa ya lalubo wani guntun maɗaci da ya ce ya yi shekaru a jingine, ya daidaita mini fuskokinsa biyu da hannu, yana ɗebe daidai wa daida ta kowace fuska. Ya ce in ajiye shi mako guda a ɗakin da akwatin zai zauna, a tsaye, iska na ratsa shi ta ko'ina. Ya ƙi karɓar ko sisi.

Lahadi, bayan kwana takwas

Yankan ƙasa ya tafi sumul, wannan karon na bar 0.3 a kowane gefe saboda damina. Sai juyawa don zanen sama. Kafin in cire katakon na ɗaure wasu sanduna biyu a gadon inji suka yi kusurwa, ta yadda in na kifa murfin zai koma gurbinsa.

Dagin Arewa na zaɓa, a tsakiya, faɗinsa milimita 60. Zana shi ya fi yanka shi wuya, domin dole kowane zare ya bi ta saman ɗan uwansa sannan ya nutse ta ƙasan na gaba, in ka kuskure mahaɗa ɗaya ido zai kama nan take. Na sa haƙori mai tsini na digiri 60. Irin wannan haƙorin, iya nutsewarsa iya faɗin layinsa, saboda haka saita sifilin sama, wato daidai inda tsinin ke fara taɓa katako, sai da natsuwa. Na shimfiɗa farar takarda a kan katako, ina sauke tsinin kaɗan-kaɗan ina jan takardar har ta fara cijewa.

Ana tsakiyar zanen aka ɗauke wuta. Injina ba shi da makunnan iyaka, wato 'yan na'urorin da ke sa inji ya nemo mafarinsa da kansa, ya manta inda yake. Abin da ya cece ni, na riga na sa tsinin ya ɗiga alama a gadon inji daidai wurin farawa. Na jona shi da inbata, don wutar da yake ci kaɗan ce, volt 24 da amfiya 5, na mayar da tsinin kan alamar da gilashin ƙara girma, na sake aikin daga farko. Ya bi tsohon sawunsa, sai a reshen hagu na ƙasa inda layin ya ɗan fi sauran kauri. Wanda bai sani ba ba zai gani ba, amma ni ina gani. Daga yau a kan inbata zan riƙa fara duk aikin da ya wuce minti goma.

Wani abu kuma, ku sa takunkumi. Garin maɗaci laushi gare shi, yana tashi ya cika ɗaki, za ka ji shi har maƙogwaro.

Inda nake yanzu

Na goge da sanfefa mai lamba 220, ina bin jijiya, na share ramukan dagin da tsohon buroshin haƙori. Na narka kakin zuma da ɗan man kaɗanya na shafa ciki da waje, duka fuskokin biyu kamar yadda Baba ya ce, sai katakon ya yi ja mai duhu, zanen ya fito raɗau. A gefen tudun shafa ɗaya kawai na yi don kada ya ƙara masa kauri. Murfin yana sauka da nauyin kansa, a hankali, har ka ji 'yar iska na fita ta gefe.

Jiya na kai wa Hajiya. Ta buɗe ta rufe ya fi sau biyar, ta sa mini albarka, ta zuba carbinta a ciki. Na roƙe ta in ruwan Agusta ya kankama ta gaya mini ko ya fara cijewa. Ku da kuke wuraren laima irin Legas ko Kumasi, nawa kuke bari tsakanin murfi da baki? Ina da akwati na biyu a gaba, na ƙanwata, kuma ita a kudu take aure.