Ranar da Na Shiga Kwando Na Tashi Sama a Turkiyya

Yau kwanana biyar da dawowa Kano, amma har yanzu idan na kwanta sai in ji hucin wutar balan-balan ɗin nan da na hau a Turkiyya a kunnena. 'Yan layinmu a Kantin Kwari sun gaji da labarin, yaron shagona ma ya fara kwaikwayon yadda nake ba da shi, shi ya sa na ce bari in rubuta in huta.

Saro ne ya kai ni, ba yawon buɗe ido ba. Ni da Alhaji maƙwabcin shagona muka gama sayayya a kasuwannin Laleli da Merter na Istanbul cikin kwana shida, muka sallami kaya, saura kwana uku jirginmu ya tashi. Alhaji ya ce mu miƙe ƙafa a otal mu huta. Ni kuwa akwai hoton da ya daɗe yana yi mini yawo a waya, na manya-manyan balan-balan reras a saman wasu duwatsu masu kama da rumbuna. Aka ce ai Kapadokiya ke nan, wani yanki a tsakiyar Turkiyya. Na lallaɓa shi muka hau jirgi zuwa Kayseri, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna, daga nan mota ta kai mu wani ɗan gari, Goreme.

Mai sayar da tikitin da muka fara shiga wurinsa ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba. Ya ce Yuro 260 kowane mutum. Na taya 150. Ya dube ni sheƙeƙe, ya ce nan ba kasuwa ba ce. Ɗan Kwari za a gaya wa inda kasuwa take? Shago uku muka wuce muka samu a 190, har da shayi a ɗan kofin gilashi. Duk da haka da na lissafa shi da naira sai da na yi salati. Alhaji ya ce, "Malam, kuɗin buhunan shinkafa za ka ƙone a iska cikin awa ɗaya." Shi ma dai ya biya.

Washegari muka tashi tun kafin assalatu, muka sha rigunan sanyi, sai saƙo ya shigo wai an soke tashi. Na fita na ɗaga kai: taurari tar, ba hadari, ko ganye ba ya motsi. Raina ya ɓaci, na ɗauka wata damfarar ce. Dattijon da muka sauka a masaukinsa, wanda ɗakunansa a cikin dutse aka fafe su, shi ya zaunar da ni. Ya ce hukumar jiragen sama ta ƙasar ce ke ba da izini kowace safiya, da alamar kore ko ɗorawa ko ja, kuma idan ja ce babu kamfanin da ya isa ya kunna wuta. Iskar da suke dubawa ta can sama ce, ba wadda ke taɓa fuskarka ba. In ba a tashi ba kuma a mayar maka da kuɗinka cif, ko a sa ka a gobe. Na tuna tashar motarmu, inda direba zai ga taya ta sudi ya ce a lallaɓa, Allah na nan.

Dattijon nan bai bar mu mun wuni a ɗaki ba. Ya ɗebe mu a tsohuwar motarsa ya nuna mana ramukan tattabaru da mutanen da suka sassaƙa a jikin duwatsu, don su riƙa kwasar kashinsu suna takin gonakin inabi. Alhaji, da yake yana da ɗakin tattabaru a soron gidansa, nan ya manta da shinkafarsa. Ko sisi dattijon ya ƙi karɓa, kuɗin mai ma ya ce kada mu ɓata masa rai.

Da dare kuma Alhaji ya koma aikinsa. Ya buɗe waya yana karanto mini: a 2013 a Luksor ta Masar gas ɗin wani balan-balan ya yi yoyo, wuta ta kama, mutum 19 suka rasu. A 2016 a jihar Texas ta Amurka wani balan-balan ya taɓa wayoyin wuta, mutum 16 suka rasu. Na ce, "Alhaji, don Allah ka bar ni in yi barci." Ban yi ba.

Safiya ta biyu aka ba da kore. A filin muka yi Asuba, direban motar ya shimfiɗa mana kwali ya nuna mana alƙibla, wadda a can kudu take fuskanta, ba gabas ba kamar a gida. Muna sallamewa na ga abin a kwance a ƙasa, yadi ne mai tsawon da ya fi layin shagunanmu. Ido na ɗan kasuwa, sai da na je na murza shi. Nailan ne mara nauyi, saƙarsa da ɗan gida-gida yadda in ya tsage ba zai zarce ba, na bakinsa kuma mai kauri ne wanda wuta ba ta ci. Kwandon ma na saƙa ne, kamar na kaba amma da sanda mai ƙwari, don yana lanƙwasa ya shanye bugun ƙasa. Suka kunna manyan fankoki masu inji suka cika yadin da iska mai sanyi tukuna, sannan matuƙin ya saki wuta. Wani harshe ya fita da ƙara kamar zaki, hantar cikina ta kaɗa. A hankali abin ya miƙe tsaye.

Mu ashirin ne, aka raba mu gida huɗu, matuƙi a tsakiya da tukwanen gas ɗinsa. Ba ka zaɓar inda za ka tsaya. Suka ƙare wa Alhaji kallo suka kai shi ɗaya ɓangaren don nauyi ya daidaita. Babu zancen a matsa a ƙara mutum ɗaya. Kafin a kwance igiya sai da ya sa muka gwada zaman sauka har sau biyu: ka juya baya ga inda aka dosa, ka lanƙwasa gwiwa, ka riƙe igiyoyin cikin kwando da hannu biyu, kuma ko an taɓa ƙasa kada ka fita sai ya ce, don in nauyinka ya ragu abin zai sake tashi da sauran. Taba kuwa ko a mafarki.

Ban san lokacin da muka bar ƙasa ba. Ba girgiza, ba gudu irin na jirgi, kawai na ga motar da ta kawo mu ta koma kamar ashana. Iska ma ba ka jin ta, tunda tare kuke tafiya. In ya saki wuta ƙeyarka ta yi zafi, in ya kashe sai shiru, har haushin kare kake jiyowa daga ƙauye.

Da ɗan Turancina na kasuwa na tambaye shi ina sitiyari. Ya yi dariya ya ce babu. Babu birki, babu giya. Abu biyu ne a hannunsa: ya zafafa iskar ciki ta kai wajen digiri 100 ta fi ta waje sauƙi mu hau, ko ya ja wata jar igiya da ke buɗe murfi a can ƙololuwa iska mai zafi ta fita mu sauko. To ta yaya yake zuwa inda yake so? Ya ce iska hawa-hawa ce. Ta ƙasa-ƙasa na iya bin kwari ta yi wani gefen, ta sama kuma ta yi wani gefen dabam. Shi aikinsa ya nemo hawan da ya nufi inda yake so ya zauna a ciki. Na gani da idona: mun nufi wani dutse gadan-gadan, wata mata ta ƙwalla ƙara, shi ko a jikinsa. Ashe tun da daɗewa ya ba da wutar, don abin ba ya amsawa nan take, sai bayan 'yan daƙiƙu. Muka haye ta kansa kamar da wasa. Akwai kuma wasu igiyoyi na gefe da yake ja abin ya juya a tsaye, don kowa ya samu ganin fitowar rana ta wajen dutsen Erjiyes.

Na ƙirga balan-balan har na haura saba'in na rikice. Duk suna magana da juna ta oba-oba, kuma na sama ne ke kaucewa na ƙasa, saboda na ƙasa yadinsa ya rufe masa gani. A tsakiya na hango abin kashe gobara, murhun ma ba ɗaya ba ne, kowanne da nasa bututun. Na'urarsa ta nuna mita 700. A nan na tuna yadda muke haki in mun hau Dala muna jin mun ƙure tsayi.

Ina can sama ina lissafin ko za a iya wannan a Kano. Da asuba ake yi saboda kafin rana ta gasa ƙasa iska a kwance take, kuma sanyi na taimaka masa ɗaukar nauyi. Zafinmu na Afrilu ba zai bari ba. Hunturu akwai sanyin, amma ga iska ga hazon da jirage ma kan kasa sauka. A ce ma an tashi daga Filin Sukuwa, a ina za a sauka tsakanin wayoyin wuta da ƙarafan sabis? Sai dai a yi wajen Kura bayan an yanke shinkafa, kuma yaran da za su biyo shi a guje ba za su ƙirgu ba.

Saukar ce ta fi burge ni. Motarsu tana bin mu ta ƙasa tun farko, ya sauko dab da gona, samari suka kama igiya, ya ɗora kwandon a kan tirela daram. Wani a Kwari ko Adaidaita ba zai iya fakawa haka ba.

Aka buɗe kwalbar giya wai al'ada ce, muka ce a ba mu lemo. Matuƙin ya ce a Faransa aka fara abin a 1783, wasu 'yan'uwa biyu masu sana'ar takarda, 'yan gidan Montgolfier, kuma fasinjojin farko tunkiya ce da agwagwa da zakara. Alhaji ya ce ai gara da aka fara da su. Aka ba mu takardar shaida kowa da sunansa, nawa an rubuta shi ba daidai ba.

Daga nan sai Kayseri, Istanbul, Abuja, gida. Na nuna wa Hajiya bidiyon a tsakar gida, ta kalla har ƙarshe ba ta ce komai ba, sannan ta miƙo mini wayar ta ce, "Yanzu kai da iyalinka da hankalinka ka shiga kwando?"