Ruwan Landan da kwalbatin Abuja

Ƙarshen watan nan zan bar kamfanin gine-ginen da nake wa aiki a Abuja, a sashen zanen hanyoyi da magudanan ruwa. Abokan aiki duk sun ji labarin hanyar rukunin gidajen nan da ruwa ya yanke, sai dai kowa da irin yadda aka ba shi. Ina so in faɗi nawa, ko don ƙannenmu injiniyoyi masu shigowa.

Hanyar ta ratsa wani kwari ne da ke bushewa ƙayau da rani, har yara kan buga ƙwallo a ciki. Da na auna faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarowa can, na kuma duba gidajen da ake shirin ginawa a tudu, sai na zana kwalbatin kankare mai baki biyu, wanda mutum zai shiga a tsaye. Ogan sashenmu, wanda ya yi karatu a Ingila, ya ga kuɗin siminti da rodi, ya ja masa jan biro. Ya ce, "Injiniya, ka san Landan? Kullum cikin ruwa suke, amma ban taɓa ganin ƙaton abu irin wannan a ƙaramar hanya ba. Sa bututu ɗaya." Na ce, "Yallaɓai, ruwansu ba irin namu ba ne." Ya ce lokacin da ya fara zana kwalbati ina firamare. Da wannan aka tashi.

Abin da bai bari na faɗa ba shi ne, ruwan da Landan ke samu a shekara milimita 600 ne ko ɗan fiye. Abuja na samun kusan ninkinsa, har ma ta wuce. Kano ma, da ake ganin bakin sahara ce, ta fi Landan ruwa a yawancin shekaru. Nasu yayyafi ne da ke rarrabuwa a kan kwanaki sama da ɗari, daga Janairu har Disamba. Namu kuwa daga Afrilu zuwa Oktoba yake, kuma babban kasonsa a 'yan hadarurruka yake sauka kamar da bakin ƙwarya. Ba abin mamaki ba ne a samu milimita 50 cikin awa guda. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato milimita 50 a kan hekta ɗaya lita 500,000 ke nan, kimanin tankar mai goma sha biyar. Idan daji ne, ƙasa da ciyawa su shanye da yawa. Idan an rufe wurin da kwano da kwalta da intalok, kusan duka kwari zai nufa, kuma a lokaci guda.

Ko a jerin manyan biranen da suka fi ruwa, Landan ba ta kusa. Wasu daga cikinsu a nan gaɓar yammacin Afirka suke. Manrobiya ta Laberiya na wuce milimita 4,000 a shekara. Konakiri ta Gini da Duwala ta Kamaru sun haura 3,500, kuma a Konakiri watan Yuli kaɗai yakan kai milimita 1,000, fiye da abin da Landan ke gani a shekara ɗaya da rabi. Dalili shi ne iskar damina mai ɗauke da danshin Tekun Atilantika tana dukan gaɓarsu kai tsaye, ga duwatsu a bayan wasunsu da ke tilasta mata hawa sama ta zubar da abin da ta ɗauko. Singafo da Mumbai duk suna samun fiye da milimita 2,000, amma ta farko kowane wata tana da rabonta, ta biyu kuwa kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake. A ranar 26 ga Yuli, 2005, milimita 944 suka sauka a Mumbai cikin awa 24.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Akara, babban birnin Ghana. Tana bakin teku, amma ruwanta bai cika wuce milimita 800 ba, ƙasa da Abuja nesa ba kusa ba. Duk da haka ambaliyar 3 ga Yuni, 2015, da gobarar gidan man da ta haɗu da ita, sun ci rayuka sama da 150. Ƙarancin jimillar shekara bai kare kowa ba a daren. Mutanen Jos ma ba su manta da Yulin 2012 ba, lokacin da ruwa ya afka wa Rikkos da Gangare da dare.

Bututun namu damina ɗaya ya gani lafiya. A ta biyu, cikin marka, ƙasa ta riga ta ƙoshi, aka wayi gari ruwa ya hau kan hanya ya yanke ta, ya juya cikin gidajen da ke gangare. Da na isa da safe, bakin bututun a toshe yake da leda da rassan itace da wata tsohuwar katifa. A gidan farko alamar laka ta kai ƙasan taga. Wata baiwar Allah na shanya littattafan makarantar 'ya'yanta a kan katanga, tana ɓare shafi ɗaya bayan ɗaya. Ta ga hular kwano a kaina ta ce, "Ɗana, ku ne kuka yi aikin nan?" Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

A taron da aka kira, Oga ya ce matsalar zane ce, kuma sa hannuna ne a kan takarda. Kafin la'asar takardar tuhuma ta iso teburina. Abin da ya cece ni shi ne saƙon imel da na tura masa tun ranar jan biro, da lissafina a ciki, inda na rubuta cewa na canza zanen ne bisa umarninsa ba tare da na gamsu ba. Darakta ya karanta, ya yi shiru, ya ce a bar maganar. An janye tuhumar, amma ba wanda ya ce mini "yi haƙuri", kuma ƙarin girman shekarar ya tsallake ni. Da aka zo gyara, zanena na farko aka zaro daga fayil, aka canza kwanan wata da sunan da ke ƙasa. Wannan ya fi tuhumar yi mini ciwo, har yau.

Sauran abin da na koya gajere ne. Duk umarnin da aka ba ka da baki a kan zane, mai da shi rubutu kafin ka bar ofis. Idan ka je filin aiki, nemi tsohon manomi ko mai gadin da ya daɗe a wurin, ka tambaye shi inda ruwa ya taɓa kaiwa, domin sau da yawa zai nuna maka a jikin bishiya. Ka ƙara faɗi saboda shara, tunda ba mai yashe kwalbati kafin damina. Hasashen da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, ke fitarwa a farkon shekara yana gaya wa manomi lokacin shuka, amma mai zanen magudana bayanan ƙarfin ruwa na awa-awa yake buƙata, kuma ya dage sai kamfani ya sayo su ko da an ce masa ɓarnar kuɗi ce.

Tudun da ke saman kwarin nan har yanzu gini ake yi a kai. Na bar lissafin a fayil ɗin aikin tare da bayanin cewa idan aka cike ragowar filayen, kwalbatin mai baki biyu ma sai an sake duba shi.