Godiya bayan dawowarmu gida da jariri

Alhamdu lillahi. Jiya bayan sallar la'asar aka sallame mu daga asibiti, inda aka yi wa jaririnmu tiyatar hanji, kuma daren jiya ne karo na farko cikin kwana 34 da yaron nan ya kwana a ɗakin mahaifiyarsa. Waɗanda suka bi mu da addu'a tun daga farko sun san yadda aka yi, don haka ba zan sake jero shi ba, ƙarfin yin hakan ma babu shi a jikina.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne safiyar kwana na uku da haihuwa, lokacin da maƙwabciyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ta shigo barka. Ta roƙe ni kada in ambace ta, amma Hajiya ki gafarce ni, duk unguwa ta san wadda nake nufi. Tana karɓar yaron ta dafa cikinsa, ta tambayi mai jego ko ya yi baƙin kashin nan na farko. Aka ce bai yi ba. Ni ne na yi saurin cewa babu komai, domin yayansa yana da wata biyu ya taɓa yin kwana shida bai yi bayan gida ba, kuma likita ya ce lafiyarsa ƙalau.

Sai ta ce, "Ɗana, zauna ka ji." Ta bayyana mini cewa yaron da ke shan nonon uwa zalla, idan ya haura mako shida, yana iya yin kwanaki bai yi kashi ba, kuma ba abin damuwa ba ne muddin yana tsotso, yana jiƙa kunzugu, cikinsa da laushi, kashin kuma in ya zo bai yi tauri ba. Amma sabon haihuwa daban ne: ana sa ran baƙin kashin nan mai danƙo ya fita cikin awa 24, ko a ce 48 in ya yi jinkiri, sannan kafin ranar suna ya koma rawaya, yana zuwa sau da yawa a rana, wani yaron ma kusan duk bayan shan nono. Namu ya wuce awa 48, cikinsa ya ɗaure kamar ganga, kuma tana cikin magana ya yi amai kore. A lokacin an riga an jiƙa magani a kofi, an kuma fere ɗan sabulu za a sa masa. Ta ɗauke su a hankali ba tare da ta kunyata dattijuwar da ta haɗa su ba, ta ce a ɗauko mayafi kawai mu tafi.

A asibiti ne muka fara jin sunan cutar Hirschsprung, wadda likitoci suka ce tana samun kusan jariri ɗaya cikin 5,000, kuma ta fi yawa ga maza. Ƙarshen hanjin yaron ba shi da jijiyoyin da ke tura kashi waje, shi ya sa aka yi ta wanke masa ciki, aka ɗebi ɗan nama aka gwada, daga baya aka cire wurin aka haɗa. Daren da ya fara yin kashi da kansa bayan tiyata, wajen ƙarfe uku, babu kowa kusa sai baiwar Allah mai sharar ɗakin yara. Ta ga mai ɗakina riƙe da kunzugun tana kuka, ta ajiye tsintsiyarta ta zauna kusa da ita har aka kira asuba. Ban san sunanta ba, amma Allah Ya san ta.

Ina godiya ga likitoci da nas-nas da suka jure tambayoyinmu, ga ƙanena da ya ba da jini sau biyu, ga limamin unguwarmu da ya taka har bakin gadon ya raɗa wa yaron suna, da surukata wadda ta bar gidanta wata guda tana kwana a tabarma a baranda. Akwai 'yan uwa na jini da muka yi ta zuba ido ko da a waya ne ba mu ji su ba. Abin ya yi mana ciwo, musamman ranar tiyata, amma muna yi musu uzuri.

Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya sa a mizani, Ya jiƙan iyayenku, Ya raya muku zuri'a, kada Ya gwada ku da irin wannan tsaiwar a bakin ɗakin tiyata. Mun baro jarirai huɗu a ɗakin yaran nan na asibiti, ɗaya daga cikinsu jibi za a shiga da ita tiyata. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a.