Zanen da na saya babu takarda

A 2006 na fara sayen zane, ina shekara ta uku da zuwa Dublin aikin jinya. Lokacin kuɗi sun yi ambaliya a Ayilan. Duk wanda ya sayar da fili sai ya nemi abin ratayawa a falo, farashin zane kuwa kullum sai sama yake yi.

A wani ƙaramin gwanjo a wajen gari na ga zanen bukkoki farare ƙarƙashin gajimare, irin hannun Paul Henry, shahararren mai zane ɗan Ayilan. Takardar gwanjon cewa ta yi "a salon Paul Henry". Ban gane cewa wannan kalma ɗaya, salo, ita ke raba aikin mutum da na mai kwaikwayonsa ba. Na ɗaga hannu aka sallama mini, sannan la'adar gidan gwanjo ta hau kan kuɗin.

Da kasuwa ta rushe a 2008 na kai shi wurin wani dillali. Bayan zanen ya fara dubawa, ba gabansa ba, ya ce, "Daga hannun wa ya fito? Ina rasit na farko?" Ban da amsa.

A gidan zane na Hugh Lane, a dandalin Parnell, inda nakan je hutawa ranar da ba ni da aiki, abin ya ƙara zauna mini. Lane, wanda gidan ke ɗauke da sunansa, shi ne ya buɗe wa Dublin gidan zanen zamani a 1908. Da hukumar birni ta yi ta jan ƙafa kan gina masa mazauni na dindindin, ya fusata ya yi wa Landan wasiyyar zane 39, har da na Renoir da Manet. Daga baya ya sake shawara, ya rubuta da hannunsa cewa Dublin za a ba, amma bai sa shaida ba. Ya rasu a jirgin ruwan Lusitania a 1915, Landan ta riƙe kayan. Sai a 1959 aka daidaita a riƙa karɓa-karɓa. Shekara arba'in da huɗu ana ja-in-ja saboda rashin sa hannun shaidu, wallahi abin yana ci mini rai har yau.

Tun daga nan na koma wurin masu zanen da ke raye. Nakan je baje kolin shekara na RHA, ƙungiyar masu zane ta Royal Hibernian Academy, da Graphic Studio Dublin, wadda aka kafa a 1960, inda ake buga zane adadi ƙayyadadde, kowane da lambarsa da sa hannun mai shi da fensir. Ranar Lahadi kuma ina zagaya dandalin Merrion, inda masu zane ke rataye aikinsu a jikin shinge. Can kana iya tambayar mutum da bakinsa yaushe ya yi shi, kuma a ina.

Yanzu zane goma sha huɗu gare ni, kowane da ambulan ɗinsa: rasit, kwanan wata, hoton gaba da na baya. Bara na rubuta wa 'ya'yana wasiyya a kansu, abokan aikina biyu suka sa hannu a gabana. Na bukkokin nan shi kaɗai ne ambulan ɗinsa ba kome sai takardar gwanjo.