Awa Ɗaya a Kowace Rana: Tafiyarmu Edinbara

Mu huɗu muka hau jirgin ƙasa a tashar King's Cross ta Landan a farkon watan Agusta, da akwatuna biyu da wani benci mai naɗewa da muka ɗaure da igiya. Duk abin da wasan kwaikwayonmu ya mallaka a duniya ke nan: benci, fitilar hannu, rigunan wasa, ƙaramin majigi na haska fassara a bango, da takardun talla dubu biyu da suka fi komai nauyi. Daraktanmu, wanda muke kira Malam, shi ya riƙe tikiti. Babbarmu a wasa, wadda ke fitowa a matsayin uwa, Yaya muke ce mata. Sai ni da ke fitowa a ɗanta, sai ƙaraminmu mai kula da fitilu da sauti. Kowannenmu yana da aikin da yake ci da shi da rana. Hutun shekara muka haɗa, muka haɗa da ɗan abin da muka tara, don mu kai wasan da muka shekara biyu muna gwajinsa da dare zuwa Fringe, bikin wasannin dandamali na birnin Edinbara a Sikotlan.

Tafiyar ta kai awa huɗu da rabi. Mun wuce York, mun hango babbar majami'ar Durham a kan tudu, mun ƙetare kogin Tyne a Newcastle, daga nan teku ta bayyana ta tagar dama. Ban more kallon ba yadda ya kamata, domin Yaya ta sa ni gaba da bitar layukanmu ƙasa-ƙasa har muka haye gadar Berwick muka shiga Sikotlan.

A tashar Waverley ta Edinbara mutum yana fitowa ne daga cikin kwari, ya ɗaga kai ya ga tsohon gari a samansa, gidajen dutse baƙi-baƙi sun hau kan juna, fadar garin kuma tana zaune a kan dutsen da aman wuta ya bari tun fil azal. Da benci a kafaɗa muka haura matakala har Royal Mile, titin da ya taso daga fadar ya gangara zuwa Holyrood, inda gidan sarauta yake. Nan ne gani ya kori ji. Titi maƙil, ba masaka tsinke. Wani ya shafe fuska da fari yana tsaye kamar gunki, wasu suna rera waƙa a kan ɗan dandamali, kowa kuma hannunsa cike da takardar talla yana miƙa wa kowa. Gabana ya faɗi. Wasanni fiye da 3,000 ake yi a wannan wata, namu ɗaya ne a ciki, kuma ba wanda ya taɓa jin sunanmu.

Abin da ya sa irinmu ke zuwa yana cikin asalin bikin. A 1947 aka buɗe babban bikin fasaha na duniya a Edinbara, aka gayyato manyan ƙungiyoyi. Wasu ƙungiyoyi takwas da ba a gayyata ba suka zo don kansu, suka nemi ƙananan ɗakuna suka yi wasansu a gefe. Shekara ɗaya bayan haka wani ɗan jarida, Robert Kemp, ya kwatanta su da abin da ke gezar bikin, sunan Fringe, wato geza da Turanci, ya bi su. Har yau ƙa'idar ba ta canja ba: babu kwamitin da ke tantance wanda ya isa. In ka sami ɗaki, ka biya kuɗin rajista, sunanka ya shiga littafin shirye-shirye. Ina ƙaunar wannan ƙa'ida har zuciyata. Amma a kwana uku na gane ƙofar da aka buɗe wa kowa tana da tsada, kuma ɗan wasa ne ke biya.

Ɗakinmu yana ƙarƙashin wani tsohon gini kusa da titin Cowgate, kujeru arba'in, bangon dutse mai gumi, rufi gajere har na kan taɓa shi in na miƙa hannu. Yarjejeniyarmu da masu wurin ita ce a raba kuɗin tikiti, amma akwai wani adadi da dole mu biya ko an shigo ko ba a shigo ba. An ba mu ƙarfe biyu da kwata na rana. Kafin mu akwai masu barkwanci, bayan mu akwai masu rawa, tsakanin kowane wasa da na gaba minti goma. A cikin minti goman nan za su kwashe nasu, mu kafa benci, ƙaraminmu ya haɗa majigi ya gwada fitilu shida, Yaya ta ɗaura ɗankwali a lungun da ba ya ɗaukar mutum biyu, a buɗe ƙofa. An taɓa alkawarta mana awa uku na gwajin fitilu kafin ranar farko, aka ba mu ɗaya da ɗan wani abu, ba wanda ya ce mana ku yi haƙuri. Wannan ya yi mini ciwo, don awannin nan da guminmu muka saye su.

Ranar ɗan wasa a can da talla take farawa. Tun ƙarfe goma muna kan Royal Mile, cikin yayyafin da ba ya sallama kafin ya sauko. Na koyi cewa miƙa takarda kawai aikin banza ne. Sai ka dubi mutum a ido, ka gaya masa labarin wasan a numfashi ɗaya: uwa ce take jiran ɗanta da ya tafi ya daina aiko da saƙo. Cikin ashirin, ɗaya zai tsaya. Cikin waɗanda suka tsaya, wataƙila ɗaya ya zo. In igwar fadar ta tashi da ƙarfe ɗaya daidai, kamar yadda take yi tun 1861 ban da ranar Lahadi, mun san lokaci ya yi, sai mu gangara da sauri. Muryar da ka ƙarar a titi ita ce za ka shiga dandamali da ita, ƙafar da ta wuni a tsaye ita za ta ɗauke ka. Ba wanda ya faɗa mini wannan kafin in zo.

Ranar farko mutum goma sha ɗaya. Ta biyu, bakwai. Asabar ta yi mana kyau, muka kusa rabin ɗaki. Da yamma mukan shiga wasannin wasu, musamman na tsarin kyauta da Peter Buckley Hill ya fara a 1996, inda ba a sayar da tikiti, sai dai ɗan wasa ya tsaya a bakin ƙofa da bokiti bayan ya gama. Na ga wata mata ta yi awa guda ita kaɗai, ta sa ɗaki ya yi tsit, ta fito da gumi a goshi ta riƙe bokiti tana gode wa wanda ya jefa fam biyar da wanda ya wuce bai jefa komai ba, da murya iri ɗaya. Na daɗe ina tuna fuskarta.

Ranar Talata ta mako na biyu ce ta tsaya mini a rai. An yi ruwa tun asuba. Da aka buɗe ƙofa, mutum uku suka shigo: wata tsohuwa da jiƙaƙƙiyar laima, da saurayi da budurwa da alama mafaka suka zo nema. Ana saura minti biyu, ƙaraminmu ya leƙo lungu ya ce majigi ya ƙi kamawa. Ba fassara ke nan, wasanmu kuma da Hausa yake daga farko har ƙarshe. Malam ya dube mu, fuskarsa ta faɗa, ya ce, "Yaya, ko mu ba su haƙuri a mayar musu da kuɗinsu?"

Yaya tana gyara ɗaurinta ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, cikin ruwan nan suka tako. Je ka gaya musu labarin a taƙaice, sauran ka bar mana." Ta juyo gare ni ta ce, "Ƙanena, yau kada ka yi sauri. Bari su ga abin da kake faɗa."

Akwai wurin da uwar ke zaune a kan benci tana ninke rigar ɗanta, ni kuma ina tsaye a bayanta cikin duhu ina faɗin wasiƙar da ban taɓa aikawa ba. Mun yi wurin nan ya fi sau ɗari. A ranar sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: Yaya ta ninke hannun rigar, ta warware, ta sake ninkewa, ta shafa wuyan da babban yatsa kamar mai share ƙura. Tazarar da ke tsakaninta da tsohuwar nan ba ta kai taku biyu ba. Ina jin ɗigar ruwa daga laimar a kan daɓe. Na rage gudu, na bar kowace kalma ta sauka kafin in ɗauko wata. Da fitilar hannu ta haska layin gaba, na ga tsohuwar ta dafe baki da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa. Saurayin ya ajiye wayarsa a cinya, fuskarta a kife. A shekaruna na wasa ban taɓa jin ana saurarona kamar ranar ba, kuma ba wanda ya ji ko kalma ɗaya a cikinsu.

Da muka gama, tafin mutum uku a ɗakin dutse bai da yawa, amma sun daɗe suna yi. Tsohuwar ta tashi ta kama hannun Yaya da hannu biyu, ta ce nata ɗan yana Ostareliya, shekara tara rabonta da shi. Ba su yi minti ɗaya ba masu rawa suka fara ƙwanƙwasa ƙofa, muka naɗe benci.

Ba wata jarida da ta zo ta ba mu taurarin yabo da ake auna wasa da su. Da Malam ya yi lissafi a daren ƙarshe, abin da ya shigo bai rufe kuɗin ɗaki da masauki ba, muka raba giɓin gida huɗu, kowa ya san watannin da zai yi yana biya. Washegari da sassafe ni da ƙaraminmu muka hau Arthur's Seat, tudun da ke cikin garin mai tsawon mita 251, iska tana neman ture mu, muka yi ta neman rufin ginin da muka yi wasa a ƙarƙashinsa ba mu iya bambance shi da sauran ba.

A jirgin komawa ƙafar benci ɗaya ta saki, na zauna a ƙasa kusa da wurin kaya ina ɗaure ta. Muna wuce Berwick, Malam ya taso da littafinsa ya tsuguna kusa da ni. Ya ce yana so mu sake gina wurin wasiƙar, a rage rabin maganata, a bar rigar ta yi aikin. Ya tambaye ni ko zan samu fitowa gwaji ranar Alhamis bayan an tashi daga aiki. Na ce masa ƙarfe bakwai ina nan.